Shu'aibu da Murfin Tankin Fijo

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Hausare ta Garwa ya san bakin Shu'aibu kafin ya san fuskarsa. Mutumin nan ya taɓa zuwa Duwala, ya yi gadin wani gareji na ɗan lokaci, aka sallame shi saboda barci. Tun da ya dawo ya zama Shu'aibu Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. In rediyonka ta shaƙe ya san ciwonta, in fankarka ta tsaya ya ce a kawo masa. Ni da nake maƙwabcinsa na taɓa yin wautar ba shi agogon bango, har yau yana rataye yana nuna mini hantsi ko da magariba ce.

Aikin yi kuwa babu. Shekarun nan ne da gwamnati ta zabge albashi, kasuwa ta yi sanyi, masu sana'a ma suna kuka, balle wanda jarinsa duka baki ne. Matarsa Mairamu ce ke riƙe da gidan da sayar da kunun gyaɗa. Tana da wa, Ilyasu, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, jikan fataken Kano, mutum mai lissafi wanda bai taɓa yarda da surukin nasa ba. Da zai tafi aikin Hajji, Mairamu ta yi ta yi masa magiya har ya haƙura, ya kira Shu'aibu a gaban mutane ya miƙa masa mukullin farar Fijonsa.

"Amana ce," in ji Ilyasu. "Ranar da muka sauka ka zo filin jirgi ka ɗauke ni. In na same ta yadda na bar ta, na bar maka ita ka riƙa jigilar fasinja, ka ciyar da gidanka, ƙanwata ta huta."

"Yadda ka bar ta? Haba Alhaji, ai ka raina ni! Za ka same ta ta fi yadda Nasara ya ƙera ta."

Da Ilyasu ya saurari wannan magana da kyau, da nan take ya karɓe mukullinsa.

A Garwa ta wancan lokaci ba mai zuwa gidan mai sai motar gwamnati. Man Najeriya ake sha, wanda ake jerawa cikin kwalabe a bakin titi, muna ce masa zuwa-zuwa. Kuma ba mai cika tanki. Ka tsaya a juye maka kwalba, in ta kusa ƙarewa ka tsaya a gaba a ƙara wata. Saboda haka murfin tanki ya fi ƙofar mota yawan buɗuwa.

Ana jibi mahajjata za su sauka, Shu'aibu ya tsaya shan kwalbar mai. Ya kwance murfin ya ɗora a kan rufin mota, ya shiga koya wa mai man yadda ake riƙe mazurari a Duwala. Ya gama laccarsa, ya faɗa mota ya fige ta. Murfin ya bi titi, Allah kaɗai ya san kwatar da ta ci shi.

Mairamu ce ta fara jin wari da ya iso ƙofar gida. Ta leƙa gefen motar ta ga rami a buɗe.

"Malam, ina murfin?"

Ya duba, ya shafa aljihu, ya duba rufin mota. Gumi ya karyo masa, amma bakin nan bai yi ko gezau ba.

"Na cire shi. Dama bai yi mini ba."

"Ka cire ka kai ina?"

"Ke dai je ki ji da kununki. Yau za ki ga yadda ake aikin hannu."

A gindin darbejiyar ƙofar gidansu muke zama. Akwai Barthélemy, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, kullum rediyo a kunne, Hausarsa gauraye da Faransanci. Akwai Goggo Fanta mai ƙosai, tsohuwar Bafillatana wadda ba a taɓa kayar da ita a cacar baki ba. Sai ni. Muka gyara zama, don mun san yau akwai kallo.

"Mon frère," in ji Barthélemy, "ka je gareji a ba ka bushon, wato murfin tankin Fijo, ka murɗa, magana ta ƙare."

"Ni in je gareji? Masu garejin garin nan da wajena suke zuwa tambaya?"

Gaskiyar maganar ita ce mai sayar da kayan Fijo aminin Ilyasu ne, in Shu'aibu ya taka shagonsa labari zai riga jirgi isa Jidda.

"Ɓingel am," in ji Goggo Fanta, haka take kiran duk wanda ta girma, "cusa tsumma ko totuwar masara kamar kowa, Allah ya kai ka ya dawo da kai."

"Totuwa a motar Alhaji? Goggo, ki tsaya a kan ƙosanki."

Ya nufi wajen 'yan gwangwan, ya dawo da murfin tankin gingimari, faɗinsa kamar farantin tuwo. Ya ɗora a bakin tankin, murfin ya zame ya faɗo masa a kan yatsan ƙafa. Ya yi tsalle, ya ce ba laifin murfi ba ne, bakin Fijo ne Nasara ya tsuke don rowa. Ya shiga gida ya fito da guduma da taɓaryar Mairamu. Ya zura kan taɓarya a bakin tankin ya yi ta bugu, wai zai buɗa shi. Da ya zare, bakin da yake kewayayye ya karkace kamar bakin tsohuwar buta, fenti ya ɓare kewaye da shi. Ya gwada murfin gingimari, ya ƙi zama. Yanzu ko murfin asali aka tsinto ba zai shiga ba.

"Voilà," in ji Barthélemy. "Ɗazu bushon ne ya ɓata, yanzu bakin ma ya bi shi."

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana lasar kan sarki, me ka sani a ƙarfe?"

"Na san wasiƙar da na rufe tana buɗuwa."

Shu'aibu ya yi tsaki, ya ce ƙarfe ma tsohon yayi ne, manyan injiniyoyi yanzu itace suke sawa. Ya koma ciki. Muka jiyo Mairamu tana salati, sai ga shi da muciyarta. Ya yanke gindin, ya zauna yana fiƙewa da wuƙa yana ba mu labarin wani Bafaranshe da ya yi kuka ranar da zai bar Duwala. Labari ya yi daɗi, fiƙa ta wuce misali. Ya ɗora toshiyar a bakin tankin, ya ɗan taɓa ta da guduma, sai muka ji ƙulum daga can ciki.



"Ta haɗiye," in ji Goggo Fanta.

"Da gangan na yi," in ji shi. "Itace yana tsotse ruwan da 'yan zuwa-zuwa ke surka mai da shi. Sirri ne, ba kowa ake gaya wa ba."

Duk da sirrin, sai ya lanƙwasa waya ya shiga laluben itacen. Waya ta kuɓuce ta bi. Ya ɗaure ƙaramin cokali da zare ya zura, wai zai kwarfo wayar. Ya jawo, zare ya fito shi kaɗai.

"Muciya ta shiga, cokali ya shiga," in ji Goggo Fanta. "Mairamu, miƙo yakuwa da gishiri a sauke miya!"

Barthélemy ya yi dariya har rediyonsa ta faɗi. Mairamu kuwa tana tsaye a bakin zaure ba ta yi dariya ba, kuma ita ce ta ba ni tausayi, don ta san abincin gidanta ne ake wasa da shi.

Washegari da hantsi ya fito da fara'a, ya ce ya gano bakin zaren. A hannunsa akwai jan murfin fulas ɗin da Mairamu ke zuba kunun sayarwa, da yankin robar tayar keke, da gam irin mai haɗi biyu wanda ake liƙe fasasshen ƙarfe da shi. Mairamu ta biyo shi har waje.

"Malam, da me zan rufe kununa?"

"Daga gobe kin daina kunu. Matar mai mota ce ke."

Ya naɗe bakin tankin da roba, ya kwaɓa gam ya lafta ciki da waje, ya danna jan murfin, ya hau kansa da gwiwa. Gam ya tsattsafo ta kowane gefe yana gangarowa a jikin farar mota. Ya sa hannun riga ya goge, ya ƙara faɗaɗa ɓarnar.

"Tambaya ɗaya, mon frère," in ji Barthélemy. "In ya bushe, ta ina mai zai shiga?"

"Ka ji jahilci ko? Wannan gam roba yake kamawa, ba ruwansa da ƙarfe. Murɗawa ɗaya zai buɗe, amma sai a hannun wanda ya sani."

Da la'asar gam ya zama dutse. Shu'aibu ya tare majiya ƙarfin unguwa masu dawowa daga kasuwa, ya ce kowa ya zo ya gwada. Wannan ya murɗa, wancan ya ja, har wani ɗan dambe ya tuɓe riga, murfi ko motsi. Mai hankali a nan zai gane ya yi ɓarna. Shu'aibu kuwa sai ya daki ƙirji, ya ce ɓarawon mai in ya zo sai dai ya zauna ya yi kuka.

"Ka dai zuba mai kafin ka liƙe?" in ji Mairamu.

"Allura tana kan rabi. Har Marwa sai mu je mu dawo."

Allurar man Fijon nan ta mutu a kan rabi tun kafin Ilyasu ya saye ta. Kowa a unguwar ya sani, har Goggo Fanta. Injiniya ne kaɗai bai sani ba, mu kuma ya riga ya zage mu, muka kama bakinmu.

Ranar sauka aka yi gayya zuwa filin jirgi. Babura, motar bas cike da mata, masu kalangu, Barthélemy a kan mobilet, ƙaramin babur ɗinsa, ni a bayansa. Alhaji Ilyasu ya fito cikin farar jallabiya da makawiya, sabon haƙorin Makka yana walƙiya, mata suka ɗauki guɗa. Aka ɗaure akwatuna a rufin Fijo. Kafin ya shiga ya kewaya motarsa, ya ja birki a gaban jan murfin.

"Wannan fa?"

"Sabon samfuri ne, Alhaji, na maganin ɓarayi. Ba a fara kawo shi Garwa ba tukuna."

"Kama yake yi mini da murfin fulas."

"Kamfaninsu ɗaya."

Alhaji ya gaji, jama'a na jira, ya shiga gaba ya rungume jarkar zamzam ɗinsa. Mairamu da Goggo Fanta suka shiga baya. Fijo ta ja gaba, ayari ya biyo. Goggo ce ta ba mu labarin abin da ya faru a ciki. A kwanar farko aka ji ƙwal-ƙwal daga baya, muciya da cokali suna gaisawa.

"Me ke ƙara?" in ji Alhaji.

"Na'urar tace mai ce. In ka ji shiru, to ta lalace."

Mairamu ta ja gyale ta rufe fuska.

Aka iso shataletalen babbar kasuwa da rana tsaka, zafin Garwa yana narka kwalta. Nan 'yan layin atamfa suka jeru don tarbar ɗan'uwansu. Shu'aibu ya leƙo da kai ta taga yana ɗaga musu hannu kamar shi ya sauke farali. Fijo ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta tsaya cak a tsakiyar titi. Bas ɗin mata ya kusa hawa kanta, guɗa ta koma salati.

"Ƙaramin abu ne!" in ji Shu'aibu. Ya fito ya ɗaga murfin inji, ya ja wannan waya, ya hura waccan, yana kiran sunayen da ko a Faransa ba a taɓa ji ba. Barthélemy ya sauka ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa tankin daga ƙasa, ya yi amo kamar garwar da ba ruwa.

"Babu esans, Injiniya. Ko ɗigon mai."

Wannan ba abin kunya ba ne a garinmu, kowa mai na ƙare masa, kuma teburin zuwa-zuwa yana nan a gefen titi. Mai man ya tsallako da kwalba da mazurari.

"Patron, buɗe."

Shu'aibu ya naɗe hannun riga, ya dubi jama'a, ya ce su lura da kyau, murɗawa ɗaya ce. Ya murɗa. Ya sake murɗawa. Ya tofa yawu a tafi ya murɗa ta ɗaya gefen. Ya naɗa gefen rigarsa ya kama da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. 'Yan kasuwa suka kewaye mota, masu babura suna ta ham, wani ya ce a bar shi, ai sai wanda ya sani.

"Zafin rana ne ya kumbura shi," in ji Shu'aibu yana haki. "Gam ɗin yana so a ɗan gasa shi ne kawai. Wa ke da ashana?"

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Mai zuwa-zuwa ya rungumi kwalbarsa ya tsallake kwata. Mata suka yi ta dirowa daga bas ta ƙofa da taga. Alhaji Ilyasu ya fito daga motar da jarkarsa a ƙirji, makawiya a karkace.

"Shu'aibu! In ka ƙyasta wuta a jikin motata, sai dai a kai mu asibiti tare!"

"To a ba ni ƙarfen taya," in ji Shu'aibu.

Ya buɗe but ya ɗauko da kansa. Ya soka ƙarfen a ƙarƙashin jan murfin, ya dafa ƙafa a jikin motar ya ja. Gefen Fijo ya lotsa daidai faɗin takalminsa. Ya ƙara ja da kabbara. Sai muka ji ɓarak! Murfin ya fito, amma bai fito shi kaɗai ba, ya taho da bututun tankin gaba ɗaya. Injiniya ya tafi da baya ya zauna cikin tiren wata mai tumatir.

Ya miƙe, bayan rigarsa ja wur, ya ɗaga bututun sama.

"Ba na ce muku zai buɗe ba? Kawo man!"

Mai man ya dawo a ɗarare. Shu'aibu ya fizge kwalbar ya juye ta a ramin da ya bari. Man ya bi ta ƙarƙashin mota tunda ba bututun da zai kai shi tanki, ya malalo kan kwalta, ya gangaro a hankali ya jiƙa sababbin takalman da Alhaji ya sayo a Madina. Mai kalangu, Allah ya shirye shi, sai ya saɓa ganga ya fara yi wa Injiniya kirari.

Alhaji ya dubi takalmansa, ya dubi lotsattsen gefen motarsa. Ya juya wajen Goggo Fanta.

"Goggo, yanzu na sauka daga ɗakin Allah, ba na so in ɓata aikina tun ban shiga gida ba. Taimake ni."

"Useko, Alhaji, na gode da ka tuna da ni," in ji ta.

Ta gyara ɗaurin zane ta fara zagin Shu'aibu da Fulatanci. Ta bi ta kan kansa da kunnuwansa da hannayensa da ba su taɓa taɓa abu ya rayu ba. Da Fulatanci ya ƙare mata ta sauka kan Hausa, ta tono fankar liman da keken ɗinkin Halime maƙwabciyarmu da ya gyara suka mutu. Inda ta tsaya shan iska Barthélemy ya cike mata da Faransanci. Mai tumatir ta sa nata. Alhaji yana tsaye yana jan carbi yana gyaɗa kai.

A bayan mobilet ɗin Barthélemy sabon Alhaji ya shiga unguwa, jarka a cinya, ƙafafu na warin fetur. Kafin ya hau ya ce kada wanda ya sa wa motar hannu sai wanda ya kashe ta. Ni aka sa riƙon sitiyari. Shu'aibu ya tura Fijo da akwatunanta shi kaɗai tun daga kasuwa har Hausare, 'yan kallo na binmu, muciya da cokali suna ƙwal-ƙwal a duk ramin da muka faɗa.

Washegari zauren Alhaji ya cika da masu barka da sauka. Ana raba dabino da kurɓin zamzam, wannan ya samu carbi, wancan hula. Sai ga Shu'aibu ya shigo yana ɗingishi, ya ratsa manya ya zauna kusa da mai gida, kai ka ce ba abin da ya faru.

"Alhaji, na gano inda matsalar take. In aka huda tankin ta ƙasa, aka sa famfo irin na randa..."

"Miƙo mukullin."

Ya miƙa. Alhaji ya jefa shi a aljihu. Mairamu tana bakin labule tare da mata, na ga ta sunkuyar da kai tana share ido, don ta san jigilar fasinja ta tafi.

"Ƙanwata tana gidanka," in ji Alhaji, "ba zan bar ka ba sana'a ba. An ce mini jiya tun daga kasuwa har gida ba ka tsaya hutawa ba. Ashe akwai abin da ka iya, mu ne ba mu lura ba. Taso."

Muka bi su waje. A ƙofar gida an jingine amalanken turi na shagonsa, irin wanda muke ce wa pus-pus, hannayensa sun yi sulɓi don shan aiki. Shu'aibu ya kewaya shi yana leƙen ƙarƙashinsa.

"Ga taka motar," in ji Alhaji. "Ba ta shan mai. Na sa an duba mini ita ciki da waje, ba abin da za ka buɗe, ba abin da za ka rufe. Kama hanya, dilolin atamfa na jiranka a tasha, rana na yi."